Gubar da Ido Ba Ya Gani: Haƙƙin Iska a Ƙasar Haɗeja

Allah Ya albarkaci ƙasar Haɗeja da fadama, da kifi, da shinkafa. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, abincinmu yana bi ne ta kan wuta: bandar kifi, turara shinkafa, girki da itace, da injin ban-ruwa mai shan fetur. Ko almajiranmu na tsangaya, da yawa a gindin wutar kara suke karatun dare.

Hayaƙin itace da tururin fetur suna ɗauke da sinadarai masu saurin bin iska. Daga cikinsu akwai benzin, wanda masana suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mata da ƙananan yara, waɗanda suke wuni a madafa, su suka fi shaƙa.

Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan babi. A ƙarni na 14, Ibnur Rami na Tunis ya tattara hukunce-hukuncen gini, har da na hayaƙin gidan burodi da gidan wanka idan ya cutar da maƙwabta. Asalin hukuncin shi ne a gusar da cuta, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a.

Sai dai gubar da ba a gani, awo ne yake tona ta. A ƙasar Ogoni, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ne ya gano benzin a rijiyoyin Ogale ya ninka ƙa'ida sau 900. Awon iska kuwa ba ya buƙatar lantarki: ƙaramin bututu mai gawayi ake ratayewa a madafa ko kasuwa na wasu kwanaki, ya tsotsi sinadaran, sannan a kai shi ɗakin gwaji. Wannan aiki ne da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa za su iya ɗauka, da goyon bayan hakimai da limamai.

Kafin nan, mu buɗe wa madafa taga, mu yi girki da busasshen itace, mu daina ƙona leda a murhu, mu fitar da jarkar fetur daga ɗakin kwana, mu nisanta jariri daga hayaƙi. Allah Ya kare mu da iyalanmu, amin.