SHAHO IRI BIYU: A SAN BAMBANCINSU

Cikin karkarar Nijar akwai shaho iri biyu da mutane ke ɗauka ɗaya ne: babban shaho da ƙaramin shaho. Amma abincinsu ba ɗaya ba ne.

Babban shaho ɗan ƙasa ne, shina nan rani da damana. Tsawonshi ya kai santimetir 45, bayanshi toka-toka. Tsuntsaye yake kamawa: kurciya, jan baki mai ɓarnar gero, wani lokaci ƴan tsaki. Ba ya gina sheƙa, sai ya shiga tsohuwar sheƙar hankaka.

Ƙaramin shaho baƙo ne. Tsawonshi kamar santimetir 30, bayanshi ja-ja. Shina ƙyanƙyasa a ƙasashen Turai, kamar Italiya da Girka. Shina ƙetare teku da Sahara, ya iso lokacin kaka, ya koma kamin bazara. Garke-garke suke tahiya. A shekarar 2007, a ƙasar Senegal, an ƙidaya sama da 28.000 suna kwana wuri guda.

Ana gane shi da sauƙi: shina tsayawa cak cikin iska, shina kaɗa hukahukai, sannan ya hwaɗo ƙasa. Abincinshi hwara ne da sauran ƙwari.

Saboda haka, wanda ya harbe ƙaramin shaho bai ceci kajinshi ba, ya dai rage makashin hwara. Maganin babban shaho kuwa akurki ne: a ruhe ƴan tsaki har su yi ƙwari. Iyaye su hana yara harbin tsuntsayen nan.