Zanen Hanyar Gicciye da Kayan da Saminu Ya Ɗauka

A shekarar 1967 Fada Kevin Carroll ya roƙi Bruce Onobrakpeya, mai zane da ya yi karatu a Zariya, ya zana matakai 14 na Hanyar Gicciye domin majami'ar Saint Paul da ke Ebute Metta a Legas. A shekarar ce kuwa yaƙin basasa ya ɓarke.

Bai zana mutanen wata ƙasa mai nisa ba. Matan da ke kuka suna sanye da tufafi irin na Nijeriya, masu azabtar da Yesu kuma da kakin zamanin mulkin mallaka. Duk wanda ya duba zai gane cewa wahalar nan a ƙofar gidanmu take.

Mataki na biyar ya fi shafar aikinmu na agaji. Nan ne aka tilasta wa Saminu Bakurane ya ɗauki gicciyen, kamar yadda Markus 15:21 ya nuna. Kurane a Libiya take, wato ɗan Afirka ne. Daga ƙauye ma yake shigowa, bai shirya ba, ba a kuma nemi yardarsa ba. Ubangiji ya ba da ransa da son ransa. Saminu aro kafaɗa kawai ya bayar.

Haka buƙata take zuwa mana a Babura da Roni. Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sai ga gwauruwa da yara a bakin zaure, kwanon geron da ya rage kuma na shuka ne ko na tuwon gobe.