Ko Kun Sani?

Koren hasken lesa da malamai ke nuna rubutu da shi a allo, irin wanda za ku gani a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko a hannun yaran Kurfi, asalinsa ba kore ba ne. A yawancin waɗannan na'urori, wani ɗan mitsitsin diyod ke fitar da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 808. Sai hasken ya ratsa kiristal biyu: na farko ya mayar da tsawon zangon 1064, na biyu ya raba shi gida biyu, 532 ke nan, sai kore ya ɓullo. In aka ƙara rabawa, a samu 266, wato ultrabayolet. Masu arha sukan rasa matatar ɓoyayyen hasken, saboda haka kada a haska wa kowa a ido.