Masu kallo a Kano, kuɗi a Amurka: halin masu bidiyon Hausa a Tamale

A Zangon Tamale, da zarar an ga fuskarka a waya sau biyu, shi ke nan ka zama mai kuɗi. 'Yan uwa su fara aiko da buƙatu, a wurin suna maroƙi ya kama sunanka. Shekara huɗu ke nan ina ɗora bidiyon rayuwar Zango da Hausa, kuma har yau ɗinki ne ke biya min kuɗin haya.

Hanyar da aka saba bi kafin YouTube ya fara ba ka kuɗin talla ita ce ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. In ka haye wannan, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla ne naka. Sannan Google ya aiko da lambar tantancewa a takarda ta gidan waya, ka yi ta zarya kana dubawa, kuma ba za a tura maka komai ba sai kuɗin sun kai dala 100. Tun 2021 ana cire harajin Amurka daga abin da masu kallo na can suka kawo maka, kuma da yake Ghana ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, cirewar takan kai kashi 30.

Amma babbar matsalarmu ita ce su wa ke kallonmu. Tamale garin Dagomba ne. Fancy Gadam da Maccasio suna cika filin wasa na Aliu Mahama da waƙar Dagbanci, Wode Maya kuwa da Turanci ya wuce mabiya miliyan. Mu masu Hausa fa? Masu kallonmu suna Nima, Zangon Kumasi, Yamai da Kano. Kamfanoni ba sa biyan kuɗi mai yawa don tallata kaya ga mutanen waɗannan wurare, don haka kallo dubu daga Kano bai kama ƙafar kallo dubu daga Landan ba. A Kanon ma muna gogayya ne da 'yan Kannywood masu manyan kyamarori. Wasu kuma ba abin da suke gani sai Hausarmu ta Zango: "Wai wannan wace irin Hausa ce?" To, ita muka tashi da ita.

TikTok ya fi saurin kawo jama'a, sai dai shirinsa na biyan masu bidiyo bai haɗa da Ghana ba. Abin da ya rage shi ne kyautar da ake jefa wa mutum in yana magana kai tsaye, shi ya sa za ka ga saurayi ƙarfe biyun dare yana ta "ku danna, ku danna". Ni dai bara nake ganinsa, ko da an sa masa fitila mai zobe. Facebook ya buɗe wa Ghana da Najeriya ƙofar kuɗin talla a 2024, an yi murna, amma arhar tallar tana nan yadda take.

Sai ga sidi ya yi ƙarfi a 2025, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa wajen 10. Mai sayen shinkafa ya ji daɗi. Wanda ake biya da dala kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya tafi, data da gyaran waya kuma ba su jira shi ba.

Kuɗin da nake gani a zahiri daga cikin gari suke fitowa. Wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Aboabo takan kira ni: "Ɗana, zo ka ɗauki sabbin kaya kafin Sallah." In ɗora, ta turo ta MoMo a ranar. Haka masu biki da masu walimar sauka. An soke harajin E-Levy a Afrilun 2025, don haka yanzu ba a cire mata wannan harajin in ta turo kamar da. Sai dai tallar Aboabo ba ta da amfani ga mai kallo a Yamai, kuma Hajiya ta san haka. Kafin mu yi ciniki sai ta tambaye ni mutum nawa ne cikin mabiyana suke zaune a Tamale.