Masu Maganin Mura a Kasuwar Matameye

Da zarar iskar hunturu ta taso da ƙurarta a watan Disamba, ciniki yakan koma gefen masu magani a kasuwar Matameye. Mutanen ƙauyukan Kance da fataken da ke ƙetarowa daga Daura duk sukan tsaya gaban tabarmarsu, kowa da tarinsa. A kan tabarmar akwai ƙullin citta da kanumfari da masoro da kimba, ga ganyen sabara busasshe, ga 'ya'yan bagaruwa, ga tazargade, sannan kwalaben zuma a jere.

Sana'ar yawanci gado ce. Yaro yakan fara da bin ubansa daji, ya koyi wane icce ake sassaƙa, wane ake tonon saiwarsa, da yadda ake yanka ɓawo gefe ɗaya kada iccen ya mutu. Shanya a inuwa ake yi, domin rana tana cinye ƙarfin ganye. Daka da tankaɗe aikin matan gida ne, kuma su ne suka fi sanin abin da ake ba jinjiri. Mai mura, a ce ya dafa citta da kanumfari, ya matsa lemun tsami, ya sa zuma. Wanda hancinsa ya toshe, a haɗa masa ganyen turare da na dogon yaro ya yi surace, ya lulluɓa da zane har gumi ya keto. Mai magani ya ƙulle, ya miƙa, ya ce, "Safe da yamma, Malam. Allah ya sa a dace."

Yanzu kuma wani baƙo ya shigo tabarmar: ƙananan gwangwanayen man zafi da kwalayen shayi na ƙasar Sin, masu rubutun da mai sayarwa da mai saye ba wanda ke iya karantawa. Dangantakar ba sabuwa ba ce, domin tun 1976 Sin take turo ayarin likitoci Nijar. Ita ma tazargade dangin ganyen da masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga cikinsa ce, aikin da ya ba ta lambar Nobel a 2015.

A Sin, likitan gargajiya a jami'a yake karatu, kuma asibitoci da yawa suna da sashensa. Lokacin korona, a Afrilun 2020, hukuma ta amince a ba masu cutar da ba ta yi tsanani ba wani haɗi mai suna Lianhua Qingwen, wanda aka ƙirƙira a 2003 lokacin annobar SARS. Ƙari ne a kan kulawar asibiti, don sauƙaƙa zazzaɓi da tari, kuma masana da dama a waje sun ce gwajinsa bai kai ya gamsar ba. Cikin kayan haɗinsa akwai ganyen mahuwang, wanda ke buɗe ƙirji amma yana tayar da hawan jini, har Amurka ta hana sayar da shi a matsayin abin ƙarin lafiya a 2004. Duk wannan an san shi ne saboda an rubuta abin da ke cikin kwalin da nauyinsa. Namu awon kuwa tafin hannu ne, kuma tafin Baba daban da na ɗansa.

A ganina, gwanintar mai magani ba a yawan ƙullinsa take ba, tana wajen sanin inda hannunsa ya tsaya. Mura ƙwayar bairos ce, mako guda ko kwana 10 takan wuce da kanta. Citta da zuma da tururi suna sa mutum ya yi barci ya sha ruwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sun ma fi kafso ɗin da 'yan tebur ke sayarwa barkatai, wanda ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Amma yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke numfashi sau 40 ko fiye a minti, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, wannan limoniya ake tsoro, kuma likita yake bukata. Tarin da ya wuce mako 2, a gwada majina don tarin fuka. Jinjirin da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma. Cire belu da wanzamai ke yi wa yaro mai tari kuwa, jini kawai yake zubarwa.

Akwai tsofaffin da ke duban yaro su tura uwarsa likita ba tare da sun karɓi ko dala ba: "Iya, wannan ba nawa ba ne." Akwai kuma masu lasifika da ke yawo a mota, kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da korona. Na biyun sun fi samun kuɗi. Na farkon kuma yanzu sai sun yi nisa kafin su sami iccen da suke nema, domin gonaki sun cinye dajin da ke kusa da gari.