Ƙwarin da ke Bin Tukunyar Burukutu a Ƙasar Katsina

Masu iya magana sun ce a wurin kwaɗayi ƙuda kan mutu. Babu inda gaskiyar wannan ta fi bayyana kamar gindin tukunyar burukutu, watau giyar dawa wadda matan Maguzawa na ƙasar Katsina da Kano suka gaji dafawa a tsakar gida. Joseph Greenberg, wanda littafinsa a kan Maguzawan Kano ya fito a 1946, ya nuna matsayin giya a cikin bukukuwansu. Tun da Jihar Katsina ta kafa shari'ar Musulunci a 2000 sana'ar ta ja baya. Amma ƙwarin suna nan, gama dawa da gero da ake nomawa a Kaikai da sauran ƙasar Kankiya da Kusada su ne ake jiƙawa a yi kamu da koko a kowane gida.

Abin lura shi ne, ƙwarin nan ba tare suke zuwa ba. Kowanne da matakin aikin da ke kiransa. Da fari akan jiƙa dawa, a shanya ta a rufe har ta yi tsiro. Tsiron nan shi ke juyar da garin ƙwayar ya zama zaƙi, sa'an nan kiyashi da tururuwa su yi layi. Idan aka niƙa aka dafa, ruwan zaƙin ya huce, sai ƙudan zuma da rina su sauko, musamman da rani, lokacin da furanni da ruwa suka yi ƙaranci a daji.

Mataki na uku shi ne tsimawa. A nan waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau yisti, suke cin zaƙin su mai da shi barasa, randa ta yi ta kumfa. Ƙanshin nan shi ke jawo wani ɗan mitsitsin ƙuda mai jan ido, wanda masana ke kira Drosophila. Ƙanƙani ne, amma ya fi sauran ɓarna. A ƙafafunsa yakan ɗauko ƙwayoyin da ke mai da barasa ruwan tsami, waɗanda Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikinsu wajen 1864. Macen takan yi ƙwai ɗaruruwa a cikin dusar da aka zubar, cikin kwana 10 kuwa ƙwan ya zama ƙuda. Saboda haka dusar makon jiya ita ke lalata tukunyar makon gobe, mai dafawa ta yi asarar dawa da itace da wahalar kwanaki.

Sauro kuwa da magariba yake zuwa. Iskar da ke fita daga kumfar giya iri ɗaya ce da wadda mutum ke fitarwa wajen numfashi, ita ce kuma sauro ke bi ya sami wanda zai ciza. Har wa yau, wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2010, ya nuna cewa sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi bin warin jikin wanda ya sha dolo, giyar dawa ta can, bisa ga wanda ya sha ruwa. Shi kuma ƙudan gida, daga masai yake tashi ya sauka a bakin ƙwarya, ya bar ƙwayoyin gudawa.

To, maganin duka bai wuce abu uku ba: a rufe bakin randa da faifai ko tsabtataccen ƙyalle, a kwashe dusa a ba dabbobi tun ranar da aka tace, a kuma hana ruwan wanke-wanke kwanciya a tsakar gida. Malamin da ke koyar da ilimin halitta ba ya bukatar giya domin ya nuna wa ɗalibansa wannan jeri. Ƙwaryar gasara ɗaya, a ajiye ta a buɗe a inuwa kwana 3, su riƙa rubuta kowane ƙwaro da sa'ar zuwansa, ta isa.