Numfashin Yaro Mai Shanyewar Jiki: Amanar Da Ke Hannunmu

A gidajenmu, idan Allah Ya jarrabi yaro da shanyewar jiki sakamakon raunin ƙwaƙwalwa, ko dai ta dalilin doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko sanƙarau, hankalinmu kan koma ga ƙafafunsa. Kullum tambayar ita ce yaushe zai zauna, yaushe zai taka. Alhali kuwa cutar huhu ce kan gaba wajen ajalin yaran da lalurar ta yi wa tsanani.

Dalili shi ne huhu ba ya buɗe kansa. Tsokokin haƙarƙari da faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki su ne ke jawo iska. Idan suka yi rauni ko suka sandare, numfashi ba ya kai wa ƙasan huhu, tari kuma ba ya da ƙarfin fitar da majina, sai ta taru ta zama matattarar ƙwayoyin cuta. Idan ƙashin baya ya karkace, yakan ƙara matse huhun.

Haɗari mafi girma yana wajen ciyarwa. Da yawa daga cikin yaran nan haɗiya na yi musu wuya, sai ruwa ko kunu ya bi hanyar iska. Wani ya sarƙe ya yi tari, wani kuwa abin ya wuce shiru, sai daga baya zazzaɓi da namoniya su bayyana. Don haka ɗura, wato a kwantar da yaro a matse shi a zuba masa koko, tana iya halaka shi, komai kyawun niyyar mai yi.

Abin da ya kamace mu shi ne mu zaunar da shi a miƙe, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, mu ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, sannan mu bar shi zaune kamar minti 30 bayan ya gama. Mu riƙa sauya masa kwanciya, mu tsabtace bakinsa, mu nisanta shi da hayaƙin itace da turaren wuta da ƙurar hunturu. Mu kuma cika masa alluran rigakafi, musamman ta namoniya.

Mu koyi ƙidaya numfashinsa na minti guda yana cikin natsuwa. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri. Idan muka ga haka, ko ƙasan ƙirjinsa na faɗawa ciki yayin shaƙar iska, ko ya kasa shan komai, to mu garzaya da shi asibiti a ranar, kada mu jira wayewar gari. Yaron da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, idonmu ne bakinsa.